Na Kwance Wayar Boks Ɗin Mijina, Laifin Ya Faɗa Kan Yayana

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni, kunyar da nake ciki ta isa.

Ni a Gadarif ta Sudan nake, 'ya'yana biyu. Mijina boks yake tuƙawa, wato a-kori-kura, yana kai masu yankan riɗi gonakin Fashaga. Bana ya dawo da wata sabuwar magana: wai jabanata, gahawar da nake dafa masa, ba ta kai ta wata mai shayi da ke kambon leburori, inda suke kwana a gona, ba. "Maman yara, ita citta take sawa daidai, ke kamar kina jin haushin tukunyar." Sau uku yana faɗa yana dariya. Na ga kujerar gaba an shimfiɗa mata tsumma mai fure. Leburori a baya suke hawa, to wa ake wa shimfiɗa?

Na taɓa ganinsa yana goge wata faffaɗar waya da ta haɗa inji da jikin mota, ardi suke ce mata. Ya ce in ta saki, mota ba ta tashi. Ranar Juma'a yana masallaci na ɗauki sufana na sassauta notinta. Wallahi so nake kawai ya kwana biyu a gida, ba wani abu ba.

Sai motar ta tashi! A hanya fitilu suka dushe, sitata ta riƙa gurnani, wayar totur ta yi zafi har robarta ta narke. Ashe wuta in ta rasa hanyarta sai ta bi ta ƙananan wayoyi ta ƙone su. Ina zan san haka, ni da na tsaya aji huɗu? A kambon motar ta mutu. Kwanansa biyar can, yana shan jabanar mai shayin safe da yamma, ni na kai shi da hannuna.

Aka canza batir, aka canza dinamo, shiru. Sai aka kira yayana, usta ne, wato gwanin gyaran wutar mota, shi ya duba ta kafin tafiyar. Ya gano notin. Mijina ya yi masa tsawa gaban direbobi: "Ya Usta, aikinka ke nan? Noti ɗaya ya gagare ka ɗaurewa?" Yayana ya ɗaure notin ya tafi.

Jiya ya zo gidana, ya ƙi zama. Ya ce, "Auta, notin da hanya ta kwance tsatsa ke kansa. Wannan da sabon shatin sufana, kuma an fara juya shi baibai. Ba direban da zai yi haka." Ya shafa kan ɗiyata ya fita.

Yanzu direbobi sun daina kai masa mota, ga kakar riɗi, kuma ya ƙi ya tona ni. In na faɗi gaskiya aurena na iya mutuwa, in bar wa mai shayi fili. In na yi shiru, sunan yayana ya lalace saboda ni. Har yanzu in na tuna matar nan ƙirjina zafi yake.

Me zan yi?