A Ɗauke Allon Gwamnati Daga Fangalin Albasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Muhallin Bakin Tafki,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta manya da manya, ina fatan kana lafiya, da iyali, da sanyin ofis.

Mai rubuto maka wannan takarda shi ne Farfesa Dakta Injiniya Alhaji, Babban Sufeton Koguna da Tafkuna na Duniya, reshen Afirka. Ban sa sunana ba saboda tsaro. Na sauka ƙasar Yauri cikin jirgi mai saukar ungulu, na zaga bakin Kainji daga Shanga har Ngaski, na ya da zango wata tunga kudu da Yelwa. Abin da na gani can ya sa na ajiye sauran tafkunan duniya, na ce su jira.

Na ɗaya. Da daminar bara ma'aikatanka sun zo tungar nan da motoci, da rumfa, da kujerun roba, da mai ɗaukar hoto. Suka ga fili shimfiɗe daga gindin gari har bakin ruwa, ba gida, ba itace. Suka ce kai, ga hamada ta iso Kebbi ba a sani ba! Nan take suka dasa dogonyaro layi-layi, suka kafa allon ƙarfe mai ƙafa biyu da rubutun Turanci, wanda aka fassara wa mutane da cewa an hana noma a nan. Ranka ya daɗe, wurin nan cikin tafki ne. Ruwa ke ja duk shekara ya bar shi, mutane su noma albasa su kwashe, da kaka ya dawo abinsa. Ko akuyar tungar ta san haka. Wani tsoho ya ɗaga hannu zai yi bayani, aka ɗauka ruwan leda yake so, aka miƙa mashi biyu.

Da kaka ta yi, mai wuri ya dawo. Yanzu dajin naku yana ƙarƙashin ruwa, tsayin mutum da rabi. A duk yawona na duniya ban taɓa ganin gwamnatin da ta yi wa kifi inuwa ba sai taku. Allah ya saka.

Na biyu. Kun ɗauko Malam Ɗanjuma daga cikin Yelwa, kuka ba shi garwa mai rariya, kuka ce ya riƙa ba itatuwan ruwa duk Asabar, ya kuma tsare allon. Mutumin kirki ne, mai riƙon amana, bai iya iyo ba. Har yau duk Asabar yakan hau kwalekwale, ya rungume garwarsa yana salati, a tuƙa shi har inda kan allon ya leƙo, ya ɗebi ruwan tafki ya zuba wa tafki. Da aka tambaye shi, cewa ya yi ba a aiko mashi takardar dainawa ba, kuma shi ba ya cin haram. Hannuna har ya yi kanta wajen tuƙa shi. Ina nufin hannun wanda na yi bincike a kansa.

Na uku, kuma shi ne ciwon. Ƙafafun allon nan biyu suna tsaye daidai tsakiyar fangalin Inna, wato wata dattijuwa mai suna Hajo da ofishina ya zanta da ita. Tsawonsa taki ashirin ne da ɗan kai. Da shi take ci, da shi take sutura, tun rasuwar mai gidanta. Kada ka ce ta koma wani wuri. Ka san yawan mutanen bakin ruwan nan kuwa? Akwai waɗanda ruwan dam ya cinye tsibiran kakanninsu, akwai masuntan da suka gangaro daga sama, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga cikin daji. Kowa ya matso bakin ruwa don nan abinci yake. In mutum ya yi atishawa a gida ɗaya, gida bakwai ke yi mashi addu'a. Kaza in za ta yi ƙwai sai ta nemi izinin maƙwabta. Akwai wanda ya miƙe ƙafa cikin barcin rana, aka kai shi ƙara wurin mai unguwa don ya shiga gidan mutane ba sallama.

To a irin wannan matsi, iyakar gona ƙafa gare ta. Ruwa yana shafe ta duk shekara, sai a tsaya a daidaita kukar bakin gari da wani dutse a sake ja. Wurin da aka yi wa dashe, shi ke da shaida. Wanda aka bari fayau, na dama ya ci tafin hannu, na hagu ya ci tafin hannu, ba da mugunta ba, shekara biyu sai ka nemi gonarka ka rasa. Yanzu ruwa ya fara ja. Irin albasar da dattijuwar ta rena a bayan ɗaki ya kusa isa dashe, in ya wuce lokaci ya zama ganyen miya.

Na huɗu. Na ji ana faɗa a rediyo cewa mutanen ƙauye ke ɓata muhalli. Akwai gaskiya ciki, ba na musu. Ana saran itace don bandar kifi, akwai kuma masu jefa taru mai ƙananan ido suna kwashe har jikokin kifi, ni ma ina faɗa da su. Amma ledar da ke cika komar masunta, wane ƙauye ya sha ruwanta? Daga kwatocin birni take gangarowa. Shekaranjiya wani ya ja koma da nauyi har ya yi kabbara, ya fiddo katifa. Wutar da ruwan nan ke haifarwa tana bi ta saman kai ta wuce birni, ko sannu ba ta ce wa tunga. Lokacin zaɓe ku na birni kuna cewa na ƙauye sun sayar da ƙuri'a don sabulu, na ƙauye suna cewa ku kun zaɓi wanda bai san banbancin tafki da fili ba. Bayan abin da ya faru bara, ranka ya daɗe, ka taya ni duba wa ya fi kusa da gaskiya.

Af, na manta dorina. Ita kaɗai ke amfana da aikinku, don da allon take sosa baya. Ta ci shinkafar mutane an ce kar a taɓa ta, ita ma muhalli ce. Hajo dai ba a ce ita muhalli ce ba tukuna.

Buƙatuna kaɗan ne. A rubuto layi ɗaya, da hatimi, cewa fangalin nan an sake shi, kafin irin ya tsufa. A kai dogonyaron kan tudun bayan gari, inda zaizaya ke cin hanya, mutane za su taya dashe kyauta. Kada a sallami Malam Ɗanjuma, a ba shi itacen da ke jin ƙishirwa. In kuma za a sake raya mu, a tambayi tsohon nan mai ɗaga hannu.

Saura magana ɗaya, don malaminmu na allo ya ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Babu wani Farfesa. Ni ne Mamman na Hajo, wanda ake kira Mamman Tsiya, mai tuƙa Malam Ɗanjuma. Da ajami na rubuta, ɗan kawuna ya juya zuwa boko yana dariya. Na san in na sa sunana a sama, masinjanka zai ƙunshe ƙosai da takardar.

Na ma fara gwada Farfesan a gida. Na karanta wa Inna takardar izini daga gare shi, na sa murya mai kauri. Ta saurara har ƙarshe tana tsintar shinkafa, sannan ta ce: "Farfesan ga, ni na goya shi." Na ce to bari in tuge allon kawai. Ta ce ko na kai shi Makka, ita ba ta dasa komi a ƙasar da gwamnati ta ce tata ce, sai gwamnati ta buɗa baki.

Shi ya sa na zo gare ka. In laifi ne shigar burtu, ga ni, a kama ni, amma a bari sai an gama dashe, don ni ke yi mata. Kuma ka zo kamun da kanka, ni zan tuƙa ka, in bi da kai ta saman dajinka ka gani.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka daga dasa abu a gidan ruwa, ya sa takardar nan ta riga irin Inna tsufa.

Wassalam.
Mamman na Hajo, bakin tafki.