Kar Ka Sayar da Gonar

Zuwa ga ɗana Fa'izu, a Tofa.

Bayan gaisuwa, ya Larai da yara? Ni lafiya lau, ƙafar ce kawai, aikin gadi kuwa babu zama.

Na ji za ka sayar da gonarmu ka sayi kirifto, wai kuɗin intanet da hukuma ba ta iya taɓawa. Nan ƙasar waje ma akwai irinku, masu wa'azin a sakar wa kasuwa mara. Da sojojin ƙasar nan suka yanke sabis ɗin waya kwana tara, kuɗinsu suka maƙale, bakinsu mutuwa ya yi. Kunun geron da ka aiko mini suka zo sha.

Shekara talatin ina kai wa gonar nan taki a jaki, ba ka taɓa bina ba. Kar ka nuna wa kowa iyakarta. Allah ya shirye ka.

Mahaifinka, Nababa.