Keken Yaya Ba Shi da Rafraf

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Yau Yaya Abdulwahid ya biyo ƙungiyarmu ta hawan keke, karon farko. Likitan da ya sa masa ƙarfe a jijiyar zuciya ya ce ko ya motsa jiki ko ya dawo kan gadonsu, zaɓi ya rage nasa. Tafiyar ƙasa ya ƙi, wai ta tsofaffi ce. Gidan motsa jiki ya ƙi, wai wari. Ni na ce ya biyo mu, ban zaci zai ce to ba.

Ya sayi keken tsere ja, mara nauyi, da yatsa biyu sai a ɗaga shi. Kayan jikinsa ma ja. Mutum ya haura hamsin, ga tumbi. Kamar an ɗora tumatur a kan waya. Ban faɗa masa ba.

Kaftin Abdulmohsen ya sa shi a tsakiyar layi, inda na gaba ke tare wa mutum iskar teku. Ya kai ƙarshen tafiyar, yana haki yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin asibiti.

Asabar, 7 ga Disamba

Ya riga ni zuwa wurin haɗuwa. Matarsa, Anti A'i, ta ce jiya da hannunsa ya mayar da farantin kunafa, kayan zaƙin nan, bai ci ba. Ta ce in riƙe shi da kyau.

Laraba, 11 ga Disamba

Ruwan sama. Jidda dai kamar kullum, kowace shekara sai ta yi mamakin ganinsa. A unguwar Nuzla yara na iyo a ƙofar gidan Umma.

Juma'a, 13 ga Disamba

Hanya ba ta bushe ba. Kuma ruwan da ke kwanciya a titin garin nan ba na sama ba ne kaɗai, duk mai hanci ya sani.

Yawancinmu mun sa rafraf tun farkon sanyi, wato murfin nan da ke lulluɓe taya, da dogon harshen roba a ƙarshensa yana kusan taɓa ƙasa. Murfin yana kare bayanka. Harshen kuwa ba ya yi maka komai, na bayanka yake karewa. Yaya ba shi da ko ɗaya.

Arwa ce a bayansa. Arwa likitar haƙori, mai fararen kaya, wadda ko ruwan gora sai ta goge bakinsa take sha. Da muka tsaya, fuskarta kamar an yayyafa mata miyar kuka. Ta kuskure baki, ta tofar, ta sake kuskurewa. Yaya ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, yana murmushi irin na wanda ya taka wa mutum takalmi a masallaci.

Na yi dariya a mota ni kaɗai. Daga baya na daina.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kaftin ya turo doka a wayar ƙungiya: daga yanzu har sanyi ya wuce, duk wanda ba shi da rafraf mai harshe zai koma ƙarshen layi. Bai kama suna ba. Ba ya bukata.

Doka ce mai kyau, abin haushin ke nan. Da ni ce kaftin ita zan kafa.

Talata, 17 ga Disamba

Na saya masa rafraf baƙi, siriri, har da harshensa. Na kai masa gida bayan aiki. Ya jujjuya shi, ya ce an gode, ya ajiye a kan firij. Na san kan firij ɗin nan. A can takardar abincin da likita ya hana shi take.

Na ce, Yaya, minti kaɗan ne a ɗaura. Ya ce keken ba a yi shi don wannan ba. Na ce na kaftin ya fi nasa tsada kuma yana da shi. Ya ce shi kaftin ɗan wa ne? Daga nan ya juya zancen zuwa Larabci, abin da yake yi in yana so in tuna cewa shi ne babba.

Juma'a, 20 ga Disamba

An mayar da shi ƙarshe.

A tsakiya in ka rage gudu, na bayanka ma dole su rage, layi duka ya jira ka ba tare da kowa ya ce an jira ka ba. A ƙarshe in ka rage, kai kaɗai ka rage. A shataletale na farko tazara ta buɗe, iska ta same shi. Na waiga na hango ɗigon ja can baya, tireloli masu fitowa daga tashar jiragen ruwa suna wuce shi.

Na ja birki na koma. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Rabi, koma wurinki. Ni ba majinyaci ba ne da za a sa mini mai jinya."

Na ce hutawa nake yi. Ya ce in na sake dawowa baya saboda shi, wallahi ya bar keken ke nan. Ya rantse. Yaya ba ya karya rantsuwa, shi ya sa zama da shi ke da wuya.

Na koma wurina.

Asabar, 21 ga Disamba

Ya iso bayan kowa ya gama shayi. Leɓunansa ba su yi mini ba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Na roƙi kaftin a asirce. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shi da kansa zai zo ya ɗaura masa, kyauta. Na ce ba wannan ba ce matsalar. Ya ce to mece ce? Na ce shi dai ya ɗage masa dokar. Ya ce in ya ɗage wa mutum ɗaya, me zai ce wa Arwa, ita da ta kwana biyu cikinta na ciwo? Gaskiyarsa.

Kowa a maganar nan yana da gaskiya. Na karanci ilimin zamantakewa a jami'a, na rubuta shafuka a kan yadda mutane ke jin kunyar asalinsu, aka ba ni sakamako mai kyau. Ga shi na kasa sa yayana ya ɗaura roba a taya.

Litinin, 30 ga Disamba

Gidan Umma a Nuzla. Ina wanke-wanke, Yaya ya shigo neman ruwa. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

Ya ce na tuna keken Baba? Baƙin nan mai nauyi, mai rafraf gaba da baya, da harshen da Baba ya yanko daga tsohuwar tayar mota? Na ce da ƙyar, ina ƙarama. Ya ce shi a kansa ya girma. Bayan Baba ya rasu, a kansa yake kai burodi shagunan Balad, tsohon cikin gari, kafin makaranta, yaran unguwannin sama suna leƙowa ta tagar mota suna kiran sa da sunan rainin da ake kiran irinmu baƙaƙen fata.

"A garin nan keke mai rafraf na ɗan aike ne. Ki duba titi ki gani. Kaftin in ya sa, ɗan wasa ne. Ni in na sa, da fatar nan tawa, wani zai tsayar da ni ya tambaye ni ina saƙonsa."

Na ce ba wanda zai yi haka yanzu. Ya ce halas, magana ta ƙare, ya ɗauki ruwansa ya fita.

Ban tabbata ba wanda zai yi ba. Shi ya sa ban bi shi da maganar ba.

Juma'a, 3 ga Janairu

Bai zo ba. Wai mura.

Asabar, 4 ga Janairu

Bai zo ba.

Talata, 7 ga Janairu

Ruwa kuma jiya, mai yawa. Dokar kaftin ta samu ƙarin kwana.

Anti A'i ta kira ni a ofis. Ta ce ya koma kwanciya a falo da rimot a kan ciki, ya aiki a sayo masa mutabbaƙ, suyar fulawar nan mai nama da maiƙo. Ta ce da ya hau bene sai ya dafa bango. Ranar ganin likita ta matso, ya ce ba inda za shi. Tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin ƙarar talabijin a bayanta. Ta ce, ke ce mai ilimi, ki yi wani abu.

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 9 ga Janairu

Na yi tunanin in je in ɗaura masa ba da saninsa ba. Zai cire, kuma ya daina gaishe ni har azumi. Na yi tunanin in sa Umma ta yi masa magana. Umma ba ta san ma ina hawa keke a titi ba, tana zaton a cikin gini ake yi.

Na aika masa saƙo kawai: gobe bayan asuba. Ya gani, bai amsa ba.

Juma'a, 10 ga Janairu

Rafraf ɗina na baya ya fara ƙara kwanan nan, wani kas-kas mai ban haushi. Jiya da yamma na kwance shi. Na gaban ma, don kada keken ya zama wani iri.

Yaya ya zo. Ban san dalili ba, ban tambaya ba. Kaftin ya dubi tayata, ya dube ni, ya ce doka ba ta san tsohon ɗan ƙungiya ba, yalla, baya. Na ce na sani.

A ƙarshen layi Yaya ya daɗe yana kallon tayar. Na shirya bayani a kan ƙarar, bai nema ba.

"Wa zai shiga gaba?"

"Kai ne babba."

Ya shiga. Duk ruwan titin Jidda ya bi ta tayarsa ya sauka a fuskata, har cikin haƙora. An bar mu tun a shataletale na biyu. Ina jin numfashinsa, ba shi da daɗin ji. Ya tsaya a gefen hanya, ni ma na tsaya ina duba sarƙa. Ya sake tsayawa, na sake dubawa. Bai ce in koma wurina ba, tunda ba ni da wani wurin.

Mun iso an kwashe kofuna. Maganar likita bai ce zai je ba, bai kuma ce ba zai je ba.

Abayar da na hau keken da ita tana jiƙe a bokiti, ban jin za ta fita. Rafraf ɗin suna bayan ƙofa. Akwai mai gyaran keke a ƙasan gidanmu, amma makon nan aiki ya yi mini yawa. Mako mai zuwa ma da alama haka.