Muryar Malam Datti

Taba, Kudan
9 ga Janairu, 2024

Zuwa ga aminina Malam Ɗayyabu, Furana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya su Bilki da yara, yaya ɗalibai? Da fatan an gama shigar da amfanin gona lafiya. Mu nan sai godiyar Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, mu da rabonmu da rubuta wa juna tun kafin waya ta shigo gari. Sau uku kana kirana kana cewa babu sabis. Sabis lafiya lau yake, muryata ce babu. Shi ya sa na ba Hamisu direba wannan ya ajiye maka a tashar Ikara.

Tun ƙarshen damina muryar ta fara dushewa. Na ɗauka sanyi ne. Maiɗakina Rahmatu ta yi ta dafa mini citta da kanumfari, na sha zuma har ta gundure ni. Da abin ya kai sahun baya ba sa jin karatuna a sallar Magariba, sai na gabatar da Malam Ya'u, na koma bayansa. Khairat, 'yata da ke aikin nas a Ikara, ita ce ta zo ta tsaya a kaina sai da muka tafi babban asibiti a Zariya. Suka zura mini wani siririn bututu mai ido ta hanci, suka ɗan gutsuri nama suka kai gwaji. Makon jiya sakamako ya fito. Ciwon daji ne, a maƙogwaro, daidai inda murya ke fitowa.

Likitar da ke duba ni mace ce, Dakta Mukarrama, ba za ta girmi Khairat da yawa ba, amma tana da natsuwa. Ta ce abin da aka saba yi shi ne a cire maƙogwaron gaba ɗaya, mutum ya rayu amma ba murya. Sai dai yanzu suna wani bincike tare da wasu asibitoci, ana haɗa gashi da na'ura da wani sabon magani na ƙarin ruwa wanda ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta, don a ga ko za a tsira da muryar ba tare da wuƙa ba. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, gwaji ne, kuma sai sun ɗauki hoton wuyana sun ga ko na dace.

Malam, ban ji rabin bayaninta ba. Azumi kawai nake lissafawa. Shekara ashirin da shida ina ja maka baƙi a tafsirin Makarfi kana fassarawa, ban taɓa fashin rana ɗaya ba. Ka taya ni da addu'a Allah Ya sa su ɗauke ni.

Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, amma kada ka faɗa mata tukuna.

Naka har kullum,
Datti

Taba
20 ga Fabrairu, 2024

Aminina Malam Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kowa lafiya a gida. Takardarka ta iso, da ƙullin maganin da ka aiko. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Ba su ɗauke ni ba. Hoton ya nuna ciwon ya ci ya shiga guringuntsin maƙogwaro, su kuma ƙa'idar bincikensu sai wanda bai kai nan ba. Khairat ta roƙi Dakta Mukarrama har da hawaye. Likitar ta ce ba rowa ba ce, idan ya kai wannan matsayi gashin ba ya gamawa da shi, kuma ba za ta sa ni a hanyar da ta san ba za ta fisshe ni ba. Na rubuta mata a takarda cewa da yaushe ya kamata in zo? Ta karanta, sannan ta ce, "Baba, wataƙila wata huɗu da suka wuce." Wata huɗu da suka wuce ina zaune a zaure ina shan citta.

A bakin ɗakin likitar na haɗu da wani manomin rake daga Hunƙuyi, shi an ɗauke shi. Ya nuna mini katinsa yana murna. Na yi masa barka da hannu. Allah Ya yafe mini abin da na ji a zuciyata lokacin.

Sun ba ni ranar aiki, mako biyu masu zuwa. Na karanta abin da ka rubuta sau da yawa, cewa idan ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake yi, kuma ka ga mutanen da mai maganin nan na Ikara ya warkar. Ba zan ɓoye maka ba, abin da raina ke son ji ke nan. Na gaya wa Khairat ba zan koma ba sai bayan Sallah, zan gwada naka tukuna. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, ciwon nan bai san azumi ba." Na nuna mata ƙofa. Tun tana ƙarama ban taɓa yi mata haka ba. Rahmatu ce ma ke jiƙa mini maganin safe da yamma, amma ba ta kallon fuskata idan za ta miƙo.

Ka riƙe mini wurina a Makarfi. Ko aya biyu ce zan ja, in Allah Ya so.

Gaisuwa ga Inna da su Bilki.

Naka,
Datti

Taba
17 ga Yuni, 2024

Malam Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka barka da Sallah, da fatan an yi layya lafiya. Yaya damina a wajenku? Nan ruwa ya zauna, yara sun yi mini shukar masara.

Rabona da kai tun ranar sha ɗaya ga azumi, kuma ba cikin hayyacina muka rabu ba. Abin da nake tunawa shi ne ina zaune a gefenka bayan La'asar, Malam Ya'u yana jan baƙi a madadina, sai na ji kamar an ɗaure mini wuya da igiya. An ce kai ka tallabi kaina a mota har Zariya. An ce kuma da aka shiga da ni ka tsaya a waje har aka fito aka ce na tsira, sannan ka tafi. Tun daga ranar ban ga ko takardarka ba.

Ranar suka huda mini wuya don in sami numfashi. Bayan kwana tara suka yi babban aikin, suka cire maƙogwaron da wasu ƙulluka a gefen wuya. Wannan karon ba wanda na yi wa gardama. Kafin a shiga da ni Khairat ta kara mini waya a baki wai ko Fatiha ce in karanta ta ɗauki muryar ta ajiye. Iska kawai ta fito. Ta kashe wayar ta fita.

Bari in ba ka labarin yadda nake yanzu, tun da ba ka zo ka gani ba. Ta wani rami a gindin wuya nake numfashi, ina rufe shi da ɗan farin ƙyalle. Ba na jin ƙamshin komai, ko turare ko miyar Rahmatu. Ba na iya hura shayi. Wanka sai da dabara, kada ruwa ya shiga. Kullum Rahmatu ke cire bututun ta wanke ta mayar, kamar yadda nas-nas suka koya mata, matar da da ba ta iya kallon yankan kaza. Ita ce kuma bakina, ta iya karanta leɓena fiye da kowa.

Abin da ya fi yi mini ciwo ƙarami ne. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta kawo jaririnta mai zazzaɓi in yi masa tofi kamar yadda aka saba. Na karanta a zuci, na sunkuya zan tofa, sai ƙyallen wuyana ne ya motsa, bakina ba iska. Matar ta yi godiya ta ɗauki ɗanta. Ba ta sake dawowa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Su Dakta Mukarrama sun sa ni a wani binciken dabam, na kula da masu irin aikina bayan sun koma gida. Duk Talata wata nas tana kira ta tambayi ciwo, da cin abinci, da barci. Idan e ne in ƙwanƙwasa wayar sau ɗaya, idan a'a sau biyu. Akwai tambayar da take yi a ƙarshe, ko ina jin rayuwa ta ishe ni. Sau biyu nake ƙwanƙwasa mata, don yarinya ce mai kirki. Suna kuma koya mini haɗiyar iska in fito da ita ta zama magana. Wata biyu ina yi, abin da na samu bai wuce gyatsa ba.

An yi mini gashi sau talatin, fatar wuyan ta yi baƙi ƙirin. Jiya da nake alwala na ji wani ɗan ƙullu a ƙarƙashin kunnen hagu. Ban nuna wa kowa ba tukuna, kai na fara gaya wa.

Ka gaida Inna. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Naka,
Datti

Taba
4 ga Nuwamba, 2024

Ɗan'uwana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Na ji rasuwar Inna a bakin Hamisu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba ku haƙuri. Ni ma uwa ce a wurina, ka sani. Da ina iya zaman mota da na zo. 

Ciwon ya dawo, kuma ya sauka huhu. An yi mini ƙarin ruwa sau uku, ba abin da ya rage sai ƙarfina. Khairat ta tambayi likita ko yanzu za a ba ni sabon maganin nan. Ta ce jikina ba zai ɗauka ba, kuma ko ya ɗauka kwanaki zai ƙara mini, ba warkewa ba. Na rubuta mata cewa to a bar ni in zauna a gida. Ba ta yi musu ba. Ta ba ni wani maganin ruwa mai kwantar da ciwo, Rahmatu na ba ni duk bayan awa huɗu. Ta kuma nemi izinin su ci gaba da nazari a kan naman da suka cire, ko zai amfani na baya. Na sa hannu. Karatu ne dai, ko da ba ni ke bayarwa ba.

A zuwana asibiti na ƙarshe na ga mutumin Hunƙuyi. Ya rame, muryarsa ta yi kauri, amma ya yi mini sallama da bakinsa. Likita ta ce da yawa daga waɗanda aka ɗauka haka suke, sai dai ba a gama bibiyarsu ba, ba a san abin da shekaru za su nuna ba. Wannan karon na yi masa murna da gaske. Na dawo gida kuma na shiga ɗaki na yi kuka, irin kukan da ba ya da sauti.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Bilki ta gaya wa Rahmatu a wurin ta'aziyya cewa ba ka ambaton sunana, kana cewa kai ka kashe ni. Na tambayi likita a rubuce ko jinkirin nan na kusan mako huɗu ne ya jawo. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa, wataƙila ya ƙara, wataƙila kuma tun kafin nan ya riga ya tafi. Ba zan yi maka ƙarya in ce ban taɓa jin haushinka ba. Na ji, musamman a kwanakin gashi. Amma kai shawara ka bayar, ni na karɓa, kuma da ba ka faɗa ba da na nemo wanda zai faɗa. Idan da laifi na yafe, duniya da lahira. Rashin zuwanka ne ban yafe ba tukuna.

Malam, tsoro nake ji. Shekara nawa ina zama a kan masu jinya ina laƙƙana musu kalmar shahada suna maimaitawa. Na san hukuncin wanda harshensa ya gaza, ni da kaina na karantar da shi, na san abin da ke zuciya ya isa. Sanin bai hana ni tsoro ba. Rahmatu ba za ta iya ba, da ta fara kuka zai ci ƙarfinta. Malam Ya'u kuma yana jin nauyina.

Khairat ta ɗauki hutu ta dawo gida, ban tambaye ta dalili ba. Kada ka jira ranar kasuwar Makarfi. Hamisu zai tsaya maka a tashar Ikara jibi da hantsi, na riga na rubuta masa. Ka zo ka zauna ta damana, kunnen hagun ya daina ji. Kai ka riƙa faɗa a hankali, ni kuma zan ɗaga yatsa.

Wassalam.

Naka,
Datti