Turmin Magariba

Dogon Dutsi, 9 ga Afrilu, 1963

Zuwa ga yayana Gado,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da A'i da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan sai godiya. Baba yana gaishe ka, ya ce ko hannunka ne ya karye da ba ka rubutu.

Labarin gari shi ne ana gyaran bakin tabki. An sare gawon nan biyu, an tumɓuke shingen ƙayar da Baba yake bi da sanda. An yashe tabkin ya yi zurfi, ana gina masa bango da matakala na siminti, wai ma'aikata su samu wurin shan iska. Rabo tsohon soja ya samu fili a gefen, yana gina gidan rawa.

Baba bai fasa ba. La'asar na yi sai ya ɗauki kabarsa ya tafi jiƙo bakin tabki, ya zauna yana tufkar igiya har rana ta faɗi. Ka san tun da idonsa ya mutu ba ya yarda a ja shi. Da magariba nake fitar da turmi tsakar gida in yi masa irin dakan Inna, uku a jere, in tsaya, uku a jere, shi kuma ya biyo sautin har ƙofar gida. Shekara shida ke nan tun rasuwarta, ban taɓa fashi ba.

Ka gaida mutanen gidan.

Ƙanwarka, Ladidi

Dogon Dutsi, 22 ga Yuni, 1963

Yaya Gado,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, hular ma ta yi wa Baba daidai. Yaya jikin A'i?

Rabo ya buɗe gidansa. Ya sayo injin wuta da garmaho, ya ɗaure wani ƙaton ƙahon lasifika a kan dogon itace yana fuskantar ruwa. Asabar da Lahadi ba a jiran isha, tun rana na ja suke kunnawa. Da farko abin yana ci mini rai, yanzu na bar ji, kamar dai warin jima ga wanda ya saba.

Sau biyu Baba yana ɓata hanya. Na biyun a bayan garkar Sha'ibu, lambun nan nasa, aka tsince shi. Ya ce bugun kiɗan yana dukan sabon bangon ya dawo masa ta gefen ruwa, har ya rasa wanne ne turmina. Na je wurin Rabo, ya karɓe ni da mutunci, ya ce zai riƙa jira a idar da magariba. Ya cika alkawari sati biyu.

Wata Asabar na je na kamo hannun Baba. Da muka isa gida, ko tuwo bai ci ba. Da safe ya ce shi ba akuya ba ne, in na gaji da daka in faɗa masa. Ka san halin ubanka, kai ma shi ka ɗauko. Na bar zuwa.

In da hali ka zo, ko zai ji taka.

Ladidi

Dogon Dutsi, 12 ga Agusta, 1963

Yayana,

Ina gaishe ka, ina yi mana ta'aziyya. Wayar da aka buga maka ba ta faɗi yadda aka yi ba, kuma ka ce in rubuta. To ga shi.

Ranar bikin 'yancin kai ce. An yi ruwa kwana biyu a jere, tabki ya cika har ya shanye matakala. Saboda biki, tun azahar aka kunna ƙahon, ba a kuma kashe ba. Da rana ta faɗi na fitar da turmi. Ni da nake riƙe da taɓarya da ƙyar nake jin dakan. Na sani sarai ba zai kai masa ba. Na dubi ƙofa, na tuna tuwon da ya ƙi ci, sai na ƙara ƙarfi. Na yi ta yi har tafin hannuna ya fashe.

Idi mai garuwa ya hango shi daga ƙetare. Ya ce Baba ya miƙe da igiyoyinsa a kafaɗa, ya karkata kai ya daɗe yana saurare, sannan ya nufi ruwa kai tsaye, tafiyar wanda ya ji kiran gida. Idi ya yi ta ƙwala masa kira. Wa zai ji?

Ban yi kuka ba har yau. Mata suna ta cewa in yi ko na samu sauƙi, na nema ban samu ba. Ina cin abinci, ina shara, ina amsa gaisuwa. Rabo ya zo da goro ya durƙusa, na ce Allah ya ba da lada. Ko haushinsa ban ji ba.

Ya rufe gidansa kwana bakwai saboda makoki. A rana ta uku, magariba na yi sai na gan ni a tsakar gida da taɓarya, babu ko ƙwayar hatsi a turmin. Uku kawai na buga, na tsaya, ban ƙara ba. Washegari da Idi ya kawo ruwa, ya ce yana can ƙetaren tabki ya ji, tar.

Igiya huɗu Baba ya gama, ta biyar rabi ce. Na aje maka.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka, Ladidi