Bututun Zuura-eje

Asabar, 21 ga Oktoba
Jikana Aktan ya fara rarrafe, kuma bai ga wurin zuwa ba sai kusurwar kicin, inda bututun ɗumama gida ya fito daga ƙasa ya shige rufi. Na jan ƙarfe ne, marigayi mijina ya saka shi shekarar da tsohon ya fashe. Meerim, matar ɗana, ta ce in hukumar gari ta saki ruwan zafi zai ƙona masa hannu, a shafa wa bututun fenti a yi masa akwati. Fenti kuma! Duk wanda na taɓa shafawa ɓarewa yake kamar ɓawon albasa. Na ce ta bar ni da shi.

Talata, 24 ga Oktoba
Zuura-eje, maƙwabciyata ta saman bene, ta sake buga bututu da sandarta, wai rediyona ya yi ƙara. Na rama da ludayi. Tun ina amarya muke haka: in na daka tafarnuwa ta buga, in na yi dariya ta buga. Matar da ba ta jin sallama amma tana jin tarina. Yau kam na samu dabara. Zan naɗe shi tun daga ƙasa har rufi, yaro ya tsira, kunnena ya huta. Meerim ba ta san rabi na biyun ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Na yanka tsohuwar shimfiɗar ulun da innata ta yi mini, na naɗa ninki-ninki, na ɗaure da igiya. Meerim na riƙe da kujera tana ce mini, "Apa, ai yaron ba zai hau rufi ba." Na ce wa ya sani, jinin kakansa ne. Ya yi kyau, ban da wari kaɗan na tumaki.

Laraba, 1 ga Nuwamba
An saki ruwan zafi. Aktan ya rungume bututun yana cizon igiyar, ko a jikinsa. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 3 ga Nuwamba
Shiru. Na ƙure rediyo har Meerim ta leƙo. Na daka abin da ba ya bukatar daka. Da safe na tsinci kaina tsaye da ludayi a hannu, ba miya a wuta. Daɗi nake ji, ba shakka. Sai dai shayin nan na kwanan nan ba shi da ɗanɗano, ina jin sun canza ganyen.

Lahadi, 5 ga Nuwamba
Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Zuura-eje ce. Matar da rabonta da matakala tun bazara saboda gwiwa, jikarta ke kawo mata cefane ran Asabar. Ta sauko da zama, mataki-mataki, siket duk ƙura. Ta sa farin ɗankwalinta na zuwa ta'aziyya, ga ƙullin boorsok a hannu, fanken nan da ake kai wa gidan makoki, da kanta ta soya.

Ta daɗe tana kallona tana haki. Sannan ta ce, "Ashe ba ki mutu ba, mara mutunci."

Na shigar da ita na zuba mata shayi. Ta ce kwana da kwanaki tana bugawa ba amsa. Rediyo kuwa ba ta ji, ta daɗe ba ta jin sa, dama can bugawa kawai take ta ɗora tafin hannu a ƙarfen ta jira ludayina. In ta ji ya girgiza sai ta ɗora tukunya. Ta ɗauka an fitar da ni ne aka ɓoye mata don tsufa.

Da ta ga bututun ta taɓa ulun ta ce ɗinkin innata ne, ta gane shi, kuma na ɓata shi a banza. Aktan ya hau cinyarta ya cinye boorsok ɗin makokina. Na yi dariya har hawaye, daga baya ban san wane iri ba ne. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji kunya, ban faɗa mata ba. Ni da Meerim muka mayar da ita sama, tana zagin girkina duk hanya.

Litinin, 6 ga Nuwamba
Na kwance ulun daga saman kafaɗata zuwa rufi. Na gaya wa Meerim wurin shanya tawul nake so, ta ce to, Apa, ta juya baya tana murmushi. Hannun yaro ba ya kai nan.

Ban jira ta ba yau, ni na fara bugawa. Na bar tafina a ƙarfen duk da zafi. Ta ɗan jima, tsohuwar banza, kafin ta amsa.