Gangaren Bayan Gidanmu

Yorkton, 3 ga Disamba

Zuwa ga mijina Ostap,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma aikin ma'adinai bai ramar min da kai ba. Mu nan lafiya, sai dai Babanka. Tun rasuwar Mama bai bar kujerar bakin taga ba. Abinci sai ya tsakura ya ture, ƙafafunsa har sun fara kumbura. Likita ya ce in bai riƙa tafiya ba, ƙarshenta gidan tsofaffi. Wannan kam ban yarda ba.

Sai na ce bana ni zan yi filin zamiyar ƙanƙara da ya saba yi mana kowane sanyi. Ka san ikon Allah, duk ƙasar nan ta Saskatchewan a shimfiɗe take kamar faifai, bayan gidanmu kaɗai ke da gangare. Na kafa katako tsayi ɗaya ko'ina, na saki mesar ruwa, na shige shan shayi. Ruwa kuwa ya yi halinsa. Ya gangara, ya tsallake katako, ya daskare a ƙofar garejin maƙwabciyarmu Doreen. Tudun ko jiƙewa bai yi ba. Babanka yana kallo ta taga, har tsaki ya ja. Rabona da jin ko tsakinsa tun ranar jana'iza.

Taka har kullum,
Larysa

Yorkton, 14 ga Disamba

Ostap nawa,

Ya sanyin can? Ina fata safar da na aika ta iso. Albishirinka! Ranar da na sake ɗaukar mesa, sai ga Babanka a bakin ƙofa da hula da sanda, wai ko akuya ta san ruwa ba ya hawa tudu. Ya sa na ɗaga katakon ƙasa, muka kwaɓa dusar ƙanƙara da ruwa muka cike gangaren. Yanzu yayyafi muke yi siriri, kowanne ya daskare kafin a ƙara. Safe da yamma yana waje yana min faɗa, ya dawo ya share kwano tas. Daɗi kamar ya kashe ni.

Kai ka san da yin irin wannan fili na tashi can gidan iyayena, a gangaren da ya fi wannan. Shi bai sani ba, kada ka kuskura ka faɗa masa. Doreen ta sani, ita ce ma ta yarda in malala ruwan zuwa ƙofar garejinta.

Abu ɗaya ke damuna. Filin ya kusa daidaita, kujerar kuma tana nan bakin taga. Gobe zan manta mesa a buɗe.

Matarka mai kewarka,
Larysa